Idan aka cire direba, aljihun wa kuɗin mota zai shiga? Lissafi daga Phoenix zuwa Jangebe

A watan Disamban 2024, kamfanin Waymo na Amurka, wanda motocinsa ke ɗaukar fasinja ba tare da kowa a kan sitiyari ba, ya sanar da cewa ya ɗauki wani kamfani da zai riƙa kula masa da motocin a birnin Phoenix, daga baya kuma a Miami. Aikin shi ne wanki, cajin batir, duba lafiyar mota da tanadar garejin da za ta kwana. Kamfanin da ya samu kwangilar sunansa Moove, kuma a Legas aka kafa shi a 2020, a hannun 'yan Najeriya biyu, Ladi Delano da Jide Odunsi. Sana'arsa ta asali duk wanda ya taɓa zaman tasha ya san ta: ya sayi mota, ya damƙa wa direban da ba shi da halin saye, direba ya yi ta biya mako-mako har ya mallake ta, in ya kai labari.

Mutumin Jangebe, a jihar Zamfara, da ke zaune cikin tsohuwar Golf yana jiran ta cika zuwa Talata Mafara yana da abubuwan da suka fi wannan labari damunsa. Duk da haka lissafin da ke ƙarƙashin motar da ke tuƙa kanta ya shafe shi, domin lissafi ne na tambaya guda: a cikin kuɗin da fasinja ya miƙa, nawa ne na mai mota, nawa ne na mai tuƙi, nawa ne na wanda ya haɗa su? Ana yin wannan rabo kullum a tashar Mafara, ana yin sa a bakin kasuwar Bakura, ana kuma yin sa a ofisoshin Kalifoniya. Abin da ya bambanta shi ne farashin mutum da farashin jari a kowane wuri.

Inda mutum ke da tsada

Tun a 2014 Travis Kalanick, wanda ya shugabanci kamfanin motocin haya na Uber a lokacin, ya faɗi manufar ƙera motar da ke tuƙa kanta a fili. Ma'anar maganarsa ita ce abin da ke sa haya tsada shi ne ɗaya mutumin da ke cikin motar, wato direba, kuma ranar da aka rabu da shi farashi zai faɗi. A Amurka maganar tana da tushe. Mafi ƙarancin albashi a jihar Kalifoniya a 2024 dala 16 ne a awa guda. Idan aka canza a kan naira 1,500 kowace dala, naira 24,000 ke nan. Wato ma'aikaci mafi ƙasƙanci a can yana samun a awa uku abin da ya zarce naira 70,000 da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashin wata a Najeriya a Yulin 2024. A irin wannan ƙasa, direba ne ke ɗauke kaso mafi tsoka na kuɗin haya, don haka duk na'urar da za ta maye gurbinsa tana da babbar ganima a gabanta.

Sai dai na'urar ba kyauta take zuwa ba. Google ya fara wannan bincike a 2009, aka mayar da sashen kamfani mai suna Waymo a 2016, kuma sai a Oktoban 2020 aka buɗe wa jama'ar Phoenix hawa motar da babu kowa a gaba. Motar da suka fi amfani da ita, Jaguar I-Pace mai lantarki, tana ɗauke da kyamarori 29, da na'urorin rada, da wasu masu auna nisa da hasken lesa, da kwamfuta mai ƙarfi a bayanta. Masu nazarin harkar suna kiyasta kowace guda da kayanta ta haura dala 100,000. Kafin motar ta shiga unguwa sai an zana taswirar titunanta daki-daki, har gefen kwalbati da tsayin fitilar hanya. Bayan haka akwai ma'aikatan da ke zaune a ɗaki gaban allo, waɗanda motar ke neman shawararsu idan ta rikice, da waɗanda ke zuwa da ƙafarsu su janyo ta idan ta cije. Akwai mai wanki, mai caji, bakanike, lauya da kamfanin inshora. An cire direba daga kujera, amma ba a cire mutane daga lissafin ba.

Shi ya sa da yawa suka shiga suka fito da hannu biyu a ka. Motar gwaji ta Uber ta kashe wata mata a garin Tempe na Arizona a Maris 2018, kuma a Disamban 2020 kamfanin ya sayar da sashen binciken gaba ɗaya. General Motors ya zuba sama da dala biliyan 10 a kamfanin Cruise mai irin wannan aiki. A Oktoban 2023 wata motar Cruise ta ja wata mata a ƙasa a San Francisco bayan wata mota ta fara bige ta, hukuma ta dakatar da lasisin kamfanin, sannan a Disamban 2024 General Motors ya ce ya daina zuba kuɗi. Waymo ne ya tsaya da ƙafarsa, kuma ya tsaya ne saboda Alphabet, uwar Google, na bayansa. A Oktoban 2024 ya tara dala biliyan 5.6 daga masu zuba jari. Zuwa Afrilun 2025 yana ɗaukar haya 250,000 a mako da motoci kimanin 1,500. Amma sashen Alphabet da Waymo ke ciki tare da wasu ayyukan gwaji ya yi asarar sama da dala biliyan 4 a 2024.

Alkawarin araha ma bai cika ba tukuna. Wani bincike da kamfanin Obi mai kwatanta farashin haya ya fitar a tsakiyar 2025 ya nuna cewa a San Francisco hawa Waymo ya fi Uber da Lyft tsada da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Mutane suna biya saboda sabon abu ne, saboda tsafta, wasu matan kuma saboda sun fi samun natsuwa idan babu baƙon namiji a motar. A Chaina ne farashin ya fi sauka. Kamfanin Baidu ya ce sabuwar motarsa RT6 tana tashi a kan kimanin dala 28,000, kuma a birnin Wuhan direbobin tasi sun koka a 2024 cewa motocin suna karya farashi suna ƙwace musu fasinja.

Inda jari ke da tsada

Yanzu mu kawo lissafin gida. Wannan ƙididdiga tawa ce, kuma kowa zai iya sake ta da biro. A ɗauki mafi arahar, ta Baidu. Dala 28,000 naira miliyan 42 ce, kafin kwastan, kafin jigilar jirgi. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya tsayar da ma'aunin kuɗin ruwa a kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwa kuwa sama da haka suke caja. Ko a kan wannan ma'auni, kuɗin ruwan miliyan 42 ya haura naira miliyan 11 da rabi a shekara, wato sama da naira 31,000 kowace rana, tun mota ba ta motsa ba. Idan irin ta Waymo ce, ruwan bashin kaɗai ya wuce naira 110,000 a rana. Shi kuwa direban da ake son a kora, ko da an biya shi cikakken albashin 70,000, bai kai naira 2,400 a rana ba. Babu ɗan kasuwar da zai ɗauki nauyin dubu talatin don ya tsira daga dubu biyu.

Wannan shi ne ainihin maganar. Motar da ke tuƙa kanta hanya ce ta musanya mutum mai tsada da jari mai araha. A Zamfara abin a juye yake. Ƙarfin matashi ne ya fi komai araha, abin takaici, ƙarfe da fetur da bashi kuma su ne masu tsada. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Bayan cire tallafi ta tsallaka 500, a Oktoban 2024 ta haura 1,000. Babur Boxer, wanda bai kai rabin miliyan ba kafin 2021, ya wuce miliyan guda. Idan ɗan kabu-kabu ya zauna da dare yana ƙirga abin da ya samu, fetur ne ke fara ɗaukar nasa, sai balas na mai babur, sai kuɗin ƙungiya, sai mai faci da bakanike. Abin da ya rage shi ne ladan mutum, kuma shi ne mafi ƙanƙanta a jerin. Na'urar da aka ƙera don ta cinye wannan ragowar ba ta da abin ci a nan.

Akwai kuma matsalar da injiniyoyin Amurka ke ta fama da ita wadda tashoshinmu suka daɗe da warwarewa, ko da yake a kan wahalar fasinja. Mota mai tsada tana biyan kanta ne idan ba ta yawo fanko. Motocin Waymo suna cin nisa mai yawa ba kowa a ciki, tsakanin sauke wani da ɗaukar wani, ko komawa caji. A tashar Mafara kuwa mota ba ta tashi sai ta cika, huɗu a baya, biyu a gaba, buhunan shinkafa a but da kan rufi. Ɗan kamasho yana kiran saura mutum ɗaya har sai an samu mutum ɗayan. Fasinja ne ke biya da lokacinsa da ƙuntatar zamansa, amma ta haka ne kuɗin kujera ke sauka zuwa abin da manomi zai iya. Tsarin mutum ɗaya a mota ɗaya, wanda a kansa aka gina duk harkar kiran mota ta waya, a nan sunansa shata, kuma ba kowa ke shata ba sai mai larura ko mai hali.

Abin da direba yake yi ban da tuƙi

Ko da kuɗin ya zo daidai, wanda ya ce aikin direban Jangebe juya sitiyari ne bai bi hanyar ba. Kafin ya tayar da mota sai ya buga waya ya ji ko hanya lafiya. Yana karanta alamun da babu kyamarar da aka koya wa: an daɗe ba a ga mota ta taho daga gaba ba, masu talla sun watse daga inda suka saba tsayawa, wanda ya gifta ya ƙyafta masa fitila ta wani salo. Ya san lokacin da ake tsayawa a jira a taru, da lokacin da ake juyawa ba tare da tambaya ba. A shingen bincike shi ke magana. Idan fanbel ya tsinke a daji shi ke ɗaurewa. Shi ke ɗaukar saƙon magani daga Gusau ya kai wa tsohuwa, ya ɗauki mai naƙuda da tsakar dare a biya shi bayan girbi. Aminci da sanayya su ne rabin jarinsa, kuma ba a rubuta su a takardar kowane banki ba.

Duniya ta san sunan Jangebe ne a ranar 26 ga Fabrairun 2021, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren 'yan mata ta garin, aka sako 279 a ranar 2 ga Maris. Abin da ya biyo baya a wannan shekara darasi ne ga duk mai tunanin sufurin da ya dogara da intanet. A farkon Satumba hukumar sadarwa ta NCC ta ba da umarnin rufe layukan waya a faɗin Zamfara. Gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare. Makonni da dama babu kira, babu tura kuɗi ta waya. Mutane suka koma aika takarda da saƙon baki ta hannun direbobi, wasu suna tafiya har Funtuwa ko Sakkwato don su buga waya guda. A wannan lokaci duk wata mota da ke buƙatar sabis kafin a kira ta, ko kafin ma'aikacin ɗaki ya fitar da ita daga ruɗani, da ta zama ƙarfen banza. Tsohuwar Golf da direbanta su ne suka zama gidan waya.

Yankin ma yana da nasa tarihin na'ura mai tsada da aka kawo daga nesa. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta, don noman rani a ƙasar Mafara, Bakura da Maradun. An tsara babban ɓangaren filin da na'urorin feshin ruwa masu buƙatar lantarki da kayan gyara daga waje. Da waɗannan suka yanke, na'urorin suka tsaya, ɓangaren da ruwa ke gangarowa da kansa ta magudana shi ya ci gaba da ciyar da mutane. Kuma manoman da suka fito neman diyyar gonakinsu a Afrilun 1980 sun gamu da harsashin 'yan sanda. Dattawan yankin ba sa buƙatar a yi musu lacca kan tambayoyi biyu da ake yi wa kowace sabuwar fasaha: wa zai gyara ta in ta lalace, kuma haƙƙin wa aka taka kafin ta zauna?

Ba ina cewa fasahar ba ta da alheri ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta ƙirga mutuwar sama da mutum 5,000 a titunan Najeriya a 2023, haka ma a 2024, kuma duk wanda ya rasa ɗan'uwa a hanyar Gusau zuwa Sakkwato saboda gudu ko gyangyaɗin direba ya san darajar na'urar da ba ta barci. Nazarin da Waymo ya yi da kamfanin inshora na Swiss Re a kan tafiyar mil miliyan 25 ya nuna raguwar kusan kashi 90 cikin ɗari na neman diyyar rauni da ɓarnar dukiya idan aka kwatanta da tuƙin mutane. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma inda sufurin da babu matuƙi ya riga ya sauka a Arewa. Tun 2022 kamfanin Zipline, wanda ya fara a Ruwanda a 2016, yake kai alluran rigakafi da magunguna asibitocin karkara a jihar Kaduna da ƙananan jirage marasa matuƙi. A can lissafin ya zauna, saboda kayan ba su da nauyi, suna da daraja, suna gaggawa, hanyar ƙasa kuma tana da haɗari. Ko wannan ma a Zamfara sai ya bi ta hannun jami'an tsaro, tunda a Maris 2021 gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin jihar.

Abin da ya riga ya iso

Motar ba za ta zo Jangebe nan kusa ba. Amma tsarin da ya haife ta yana tafe, har ya shiga biranenmu. Uber ya fara aiki a Legas a 2014, ya shiga Abuja a 2016, Bolt ya biyo baya ya bazu har Kano. Manhaja ce ke tsayar da farashi, ita ke zaɓar wa direba fasinja, ita ke cire kamashonta, wanda ya saba kaiwa kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, ita ke iya rufe asusun mutum cikin dare ba tare da ya ga fuskar wanda zai kai wa kuka ba. Fetur, gyara da haɗari kuwa na direba ne. Da aka cire tallafin mai, direbobin manhaja ƙarƙashin ƙungiyarsu ta AUATON sun ajiye aiki a Yunin 2023 suna neman a ƙara farashi a rage kamasho. Su ma direbobin Moove sun sha fitowa zanga-zanga a Legas kan nauyin kuɗin da ake cira musu, yayin da a Maris 2024 kamfanin ya tara dala miliyan 100 a zagayen da Uber ya jagoranta. Ɗan kamashon tasha aƙalla maƙwabci ne. Ana iya kai ƙararsa wajen shugaban ƙungiya, kuma abin da ya karɓa a kasuwar garin yake kashe shi.

A Austin da Atlanta, tun 2025, mutum yana kiran mota ta manhajar Uber sai motar Waymo ta zo. Kuɗin hayar ana raba shi ne tsakanin mai fasaha, mai manhaja da mai gareji. A wannan rabo babu kason da ke komawa gidan wani magidanci a unguwa. Wannan ce alƙiblar, kuma kowane mataki na hanyar, daga mallakar motoci masu yawa a hannu ɗaya zuwa tsayar da farashi ta kwamfuta, yana iya faruwa alhali direba na nan zaune a kujerarsa.

Sannan tarihi ya nuna cewa a wajenmu sanarwar gwamnati ce ke kashe sana'ar tuƙi da gaggawa fiye da kowace na'ura. Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, dubban matasa suka koma Adaidaita Sahu ko suka bar gari. Legas ta hana babura a manyan yankunanta a Fabrairun 2020, kamfanonin Gokada da ORide suka rasa kasuwar fasinja a kwana ɗaya. 'Yan Adaidaita Sahu a Kano sun tsayar da birni cak a 2021 da 2022 saboda harajin hukumar KAROTA. Matashin Jangebe da rashin tsaro ya raba da gona, ya tafi Gusau ko Kano ko Legas da niyyar yin kabu-kabu, waɗannan dokoki ne ke yanke masa hukunci, tare da sharuɗɗan mai babur.

A nan ne nake ganin ya kamata hukumomin Zamfara da ƙungiyoyin direbobi irin NURTW su sa ido. Yarjejeniyar biyan babur ko Keke Napep kaɗan-kaɗan yawanci ta baki ce, ko takarda ce da mai kaya ya rubuta shi kaɗai. Jimillar da matashi ke biya tana zarce farashin kasuwa nesa, kuma idan ya gaza a makonnin ƙarshe, ko 'yan bindiga suka ƙwace babur ɗin a hanya, sau da yawa duk abin da ya zuba ya tafi, wani lokaci har da bashi a kansa. Ana iya tsayar da ƙa'ida a rubuce: iyakar ribar da za a ɗora, wa'adin sassauci ga wanda ya yi jinya, da yadda za a raba asara idan an yi fashi. Malaman fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa hukunce-hukuncen murabaha da ijara, bankuna irin Jaiz da TAJ suna aiki da su, kuma ƙungiyar da ke karɓar kuɗin tikiti kullum tana da rajistar da za ta iya zama shaidar amincin mambobinta a wajen mai ba da bashi.

Ɗaya ɓangaren shi ne fetur, wanda ya fi kowa cin kuɗin mota. A Disamban 2023 gwamnatin Borno ta ƙaddamar da tasi masu lantarki a Maiduguri. Babur ko keke mai batir da ake caji da hasken rana yana kai hari ne kan kaso mafi girma na kuɗin da ɗan kabu-kabu ke kashewa, ba kan ladansa ba. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau tana nan a Talata Mafara, kuma ita ce wurin da ya dace a fara horar da masu gyaran batir da injin lantarki, tun kafin kayan su cika kasuwa a rasa mai kwance su.